Yadda baƙo mazaunin Garwa zai shirya fita yawon ƙarshen mako da mota

Wanda aiki ko kasuwanci ya kawo shi Garwa daga Kano, Yola, Maraɗi ko Damagaram yakan shekara bai san hanya ba sai guda uku: ta gida, ta wurin aiki, da ta masallacin Juma'a. In an yi ta huɗu, to ta babbar kasuwa ce. Ranar Asabar sai ya wuni a ɗaki gaban fanka yana bin labarin gida a waya, gangar jiki a Kamaru, hankali a can. Alhali daga gadar Binuwai, cikin tafiyar awa ɗaya zuwa shida, akwai tafki, akwai kwazazzabai, akwai dajin namun dawa, akwai garin da ake neman bargo da dare. Wannan bayani na mai son ya fara fita ne, ya bar gida da asubar Asabar, ya dawo Lahadi kafin magariba, Litinin ya tashi ya tafi aikinsa lafiya lau.

Fara da takardu, tun kafin ka duba mota

Ɗan ƙasa in ya manta katinsa a gida, zai yi 'yar magiya da Fillanci a ƙyale shi. Kai baƙo ba ka da wannan gatan. Saboda haka shirin tafiyar Asabar daga ranar Talata ko Laraba yake farawa, lokacin da ofisoshi ke buɗe.

Ɗauko fasfonka ka duba hatimin shigowa. Ɗan Najeriya yana shiga Kamaru ba biza ya zauna har kwana 90. Wanda ya wuce haka, katin zama ake nema a hannunsa, wato kat da sejur, mai shekara biyu, wanda ofishin 'yan sandan shige da fice ke bayarwa. In katin bai fito ba tukuna, rasit ɗin da aka ba ka shi ne madadinsa, amma shi ma yana da wa'adi. Duba kwanan watan da ke jikinsa. Mutane da yawa a shingen hanya suke fara jin labarin cewa nasu ya ƙare.

Abu ɗaya da ke rikita sabon zuwa: Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Ƙungiyarta daban ce, CEMAC, ita da Chadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Duk wata takardar da ka saba nunawa a Maraɗi ko Kwatano a ce maka wuce, a nan ba lallai ta yi maka aiki ba. Inshorar mota ta ECOWAS, mai katin nan ruwan ƙasa, ba ta ɗaukar nauyinka a titin Kamaru. Sai ka yanki ta nan. In kuma wata rana za ka tsallaka Chadi da motar, ka tambayi kamfanin inshorar katin CEMAC mai ruwan hoda.

Na mota guda huɗu ne ake tambaya kusan a kowane shinge: takardar mallaka da ake kira kat giris, inshora, shaidar gwajin lafiyar mota wato bizit teknik, da farmi wato lasisin tuƙi. Harajin binyet na shekara tun 2017 aka haɗe shi da kuɗin inshora, don haka in inshorarka na da rai, wannan ya fita daga wuyanka. Mai motar da ke ɗauke da lambar Najeriya yana da ta biyar, takardar duwan, wato kwastan, ta shigo da mota na ɗan lokaci, ita ma da ranar ƙarewarta. Batun farmi kuwa, sabon zuwa ya riƙe na ƙasa da ƙasa tare da na gida; wanda ya san zama ya kama shi, gara ya daure ya nemi na Kamaru ya huta da doguwar muhawara a bakin titi. In motar aro ce, ka karɓi 'yar takarda daga mai ita da sa hannunsa da lambar wayarsa.

Ka yi kwafin fasfo da katin zama, ka sayi tambur, wato kan sarki na hukuma, ka kai komisariya, ofishin 'yan sanda, a buga maka hatimin tabbatarwa. Ainihin takardun su tafi tare da kai, amma a jaka daban, kwafin kuma a gaban mota. Ka ɗauki hotonsu duka a waya. Katin allurar shawara, ruwan ɗorawan nan, shi ma a saka shi cikin fasfo.

In da iyali za a je, kowa da tasa. Uwargida da katinta, yara da takardun haihuwa. Ɗan maƙwabci ko ɗan 'yar'uwa da aka ce a tafi da shi ya sha iska, kada ya shiga mota sai da rubutaccen izinin iyayensa. Baƙo ɗauke da yaron da ba zai iya nuna alaƙarsa da shi ba, bayaninsa yana da wuyar shiga kunnen jandarma.

Zaɓi wata kafin ka zaɓi wuri

Shekarar Garwa kashi uku ce ga matafiyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin fita: ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, ciyawa ta kwanta, zafi da sauƙi. Illarsa hazo, wanda wata safiyar ba ka hango motar da ke gabanka sai ka zo dab da ita, sai a kunna fitila ko da rana ce. Maris zuwa Mayu bazara ce, zafin Garwa kuwa yakan haura digiri 40, taya da injin da mutum duk suna jin jiki. A irin wannan lokaci ko dai ka nufi Ngaundere, ko ka fita da asuba ka ɓuya kafin hantsi ya dubi ludayi. Daga Yuni zuwa Oktoba damina ce. Ƙasa ta yi kyau, duwatsu sun yi kore shar, amma ka tsaya a kwalta. Rafukan da ake kira mayo, waɗanda da rani yashi ne zalla yara na ƙwallo a ciki, sukan cika cikin 'yan mintoci bayan an yi ruwa a can saman duwatsu. Inda hanya ta ratsa ta cikin mayo kuma ruwa na gudu, tsaya ka jira. Kada ka bi babbar mota don ka ga ta wuce.

Juma'a ranar aiki ce a Kamaru, hutun Asabar da Lahadi ne. Ranakun da ke tsawaita shi in sun faɗo kusa su ne 11 ga Fabrairu ta matasa, 1 ga Mayu ta ma'aikata, 20 ga Mayu ta ƙasa, da kuma sallolin nan biyu. Sai dai ranar 11 ga Fabrairu da 20 ga Mayu ana fareti ana rufe manyan tituna a cikin gari, don haka a fita da wuri.

Mota, mai da kuɗi

Ranar Alhamis ka kai mota wajen makaniki, ba Juma'a da yamma ba, don in an gano wani abu a samu sararin nemo kayan gyara. A duba birki, baƙin mai, ruwan lagireto, bel, fitilu da abin share gilashi. Safaya ta zama mai iska, jak da sifanar taya su kasance a but, kuma ka tabbata ka iya amfani da su da hannunka. Doka na neman alamar tsayawa mai kusurwa uku, abin kashe gobara da akwatin agajin gaggawa, kuma ana tambayarsu. Ƙara da jarkar ruwa ta mota daban da ruwan sha, igiyar ja, tocila, da wayar jona batir.

Mai kuwa iri biyu ne a arewacin Kamaru, kowa ya sani. Akwai na gidan mai, akwai zuwa-zuwa, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Shekara da shekaru zuwa-zuwa ne ke riƙe da babura da motocin yankin saboda arha, har zuwa Mayun 2023 da aka cire tallafin mai a Najeriya, tazarar ta ragu. A cikin gari, in ka san mai sayarwa, wannan ruwanka. A doguwar tafiya ni ban ba da shawararsa ba, don ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma injin da ya shaƙe a tsakiyar daji ya cinye duk rarar da ka yi. Cika tanki a gidan mai daren Juma'a, sannan duk inda ka ga ya kusa rabi kuma ga gidan mai, ƙara.

Lissafin ba wuya. A Fabrairun 2024 aka mayar da litar fetur sefa 840. Garwa zuwa Ngaundere da dawowa, haɗe da zagayen cikin gari, ka ƙaddara kilomita 600. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 48, wato wajen sefa 40,000. Sa farashin ranar da za ka fita ka sake bugawa. Mutum huɗu in suka yi karo-karo, abin ya zama ba komai, ga kuma mai karɓarka tuƙi. Amma a yanke maganar kuɗin tun a gida, kowa ya zuba nasa a hannun mutum ɗaya, ba sai an dawo ana jin nauyin juna ba.

Kowace ƙofar karɓar kuɗin hanya sefa 500 ce, a ba ka tikiti ka ajiye. Canji yana wahala a Kamaru ƙwarai, mai rumfar shayi ba zai fasa maka takardar 10,000 ba. Tun cikin mako ka riƙa tara 'yan ɗari biyar-biyar, dubu-dubu da silalla. Mutanen Nijar su lura: sefar Yamma da ta nan darajarsu ɗaya, amma takardun daban ne, mai tireda a Ngong ba zai karɓi ta Damagaram ba. Naira ma da ka yi nisa da kan iyaka ta zama takarda. Ka zuba wani abu a Orange Money ko MoMo na MTN, sauran a raba biyu, wasu a aljihu wasu a ɓoye cikin mota. Layin waya ma gara biyu, don inda ɗaya ya ɗauke wani lokaci ɗayan na kamawa.

Wanda ba shi da mota bai rasa tafiya ba. Motocin ajans, wato kamfanonin safa, irin su Touristique Express da Danay Express suna bin babbar hanya kullum. Yanki tikiti tun jajibiri, ka zaɓi motar safe, in ka isa ka yi ciniki da mai babur ko tasi na wuni guda.

A kan hanya

Ka'ida ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: ba tafiyar dare. A wannan yanki rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida saura kwata zuwa shida da rabi duk shekara, kuma duk lissafinka a kan wannan za ka ɗora shi. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yawunde ta bi Ngaundere, Garwa, Marwa har Kusiri, ita ce hanyar kayan Chadi. Jirgin ƙasa a Ngaundere ya tsaya, daga nan tireloli ke kwasa zuwa Njamena, ga na audugar kamfanin Sodecoton a lokacin kaka. Da dare za ka tarar da wadda ta lalace a tsakiyar titi ba fitila, alamarta kawai ganyen da aka zuba a kwalta. Ga shanu, ga babur ba wuta, ga rami. Ganye ko reshe a kan titi, ko da rana ne, ma'anarsa rage gudu, akwai abu a gaba.

Yi sallar asuba, ka tashi da wayewar gari. Kafin nan ka gaya wa mutum biyu inda za ka da lokacin da za a sa ran ganinka: mai gidan da kake haya ko maƙwabci, da wani ɗan'uwa daga cikin mutanenku na Hausare, unguwar Hausawa, ko wurin aiki. Lambobin gaggawa su zauna a waya: 117 'yan sanda, 113 jandarma, 118 'yan kwana-kwana.

Shingaye suna da yawa kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na 'yan sanda, na jandarma, na duwan, na masu kula da kiyaye haɗurra, wani wurin a haɗe. Tun daga nesa ka rage gudu, ka kashe rediyo, ka cire baƙin tabarau, ka sauke gilashi. Kai za ka fara gaisuwa. “Bonjur shef” ta isa buɗe magana, in kuma ka ji harshensa na arewa ne, “Jam na?” tana sauko da fuska fiye da yadda kake zato. Miƙa abin da aka tambaya kawai. In an ce ina za ka, faɗi sunan gari da dalili a gajarce. Turanci harshen hukuma ne a Kamaru, amma a arewa Faransanci da Fillanci ke aiki, kuma ɗaga murya da Turanci ba ya ƙara maka komai sai daɗewa a rana. Siyasar ƙasar mutane kuwa ba taka ba ce, ko an ja ka da wasa ka yi murmushi ka bar ta.

In takardunka sun cika, haƙuri ne kawai jarinka. Mai neman na goro akwai shi a kowace ƙasa, kuma yakan gaji da wanda ba ya sauri, ba ya fushi. In kuwa da gaske ka yi laifi, ce a rubuta maka a ba ka rasit. Kada ka bar asalin fasfonka a shinge ka ce za ka dawo.

Kyamara ma tana jawo magana. Ba a ɗaukar hoton shinge, barikin soja, filin jirgi, gada ko jikin dam. Mutane kuwa, musamman mata a kasuwa da makiyaya, a tambaye su tukuna.

Ina za a fara?

Daga kusa. Fitar farko ta zama ta wuni ɗaya, don ka gwada motar, ka gwada takardun, ka gwada abokan tafiyar.

Mafi sauƙi Pitowa ce, kilomita 15 arewa da Garwa, mai kasuwar Lahadi, ga duwatsun Tingilin masu shimfiɗaɗɗen kai suna kallonka a hanya. In ka ƙara gaba ka nufi Gidar, wajen kilomita 100 daga Garwa, 'yar tafiya kaɗan daga garin akwai kwazazzaban Kola, inda Mayo Luti ya yanka baƙin dutse ya yi lunguna masu zurfi da santsi. Da rani kaɗai ake shiga. Za ka tarar da samarin ƙauyen da ke yi wa baƙi jagora. Ku yi ciniki kafin a sauka, kuma a sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba.

Fita ta biyu Lagdo, garin dam da babban tafki a kan kogin Binuwai. Ka bi hanyar kudu, kusa da Ngong ka karya hagu, duka-duka bai fi kilomita 70 ba. Mutanen Yola da Makurɗi sun san sunan nan tun kafin su gan shi, don duk shekarar da aka saki ruwa, irin 2012 da 2022, su ke kwana a tsaye saboda ambaliya. 'Yan Sin ne suka gina dam ɗin tsakanin 1977 da 1982, yana da ƙarfin megawat 72, kuma shi ne ginshiƙin wutar arewacin Kamaru. Shi ya sa in ruwan tafkin ya ja baya, mu a Garwa muke kwana a duhu. Ka isa da hantsi lokacin da masunta ke fitowa. Cikinsu akwai Hausawa da yawa, za ka yi cinikin giwan ruwa da karfasa da harshenka. Tafi da kula da ƙanƙara in kana son kawowa gida. In za a shiga kwalekwale, da safe ne kafin iska ta taso, da rigar kariya, kuma ba a cika shi. Wanka a tafkin dai a haƙura: akwai dorina, akwai kada, ga tsargiya da ke kama mai shiga ruwan kwance. Yara za su yi kuka, gara kukan.

Ta uku dajin Binuwai, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1968, mai faɗin hekta 180,000, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 1981. Babbar hanya tana bin gefensa na yamma, har za ka ga bika zaune a bakin kwalta suna jiran a jefa musu abu. Kada a jefa, kada a sauke gilashi. Shiga ciki sai da mota mai tsayi, da kuɗin shiga, da jagora daga ma'aikatan dajin. Sansanin Buffle Noir yana bakin kogi, hanyar ƙasa ce mai ɗan nisa daga kwalta, kuma kafin ka dogara da kwana a can ka tambayi ofishin kula da gandun daji a Garwa halin da yake ciki a wannan shekarar. Abin da za ka fi gani dorina ne, kada, mariya, kanki, gwanki, mugun dawa, in an yi sa'a ɓauna. Wanda ya je don zaki zai iya dawowa da takaici. Da sassafe da kuma la'asar sakaliya dabbobi ke fitowa, Janairu zuwa Afrilu kuma ya fi, lokacin da ƙishi ke tara su bakin ruwa. Ƙudan tsando na son baƙin tufafi da shuɗi, sai a sa masu haske, masu dogon hannu.

Sai babbar fita, Ngaundere. Wajen kilomita 280 ne, amma kada nisan ya ruɗe ka, ware awa biyar zuwa shida, don akwai wuraren da kwaltar ta mutu. A Mbe ake tsayawa a miƙe ƙafa, garin doya ne, ka lura da inda za ka saya a dawowa. Bayan Wak sai hawan dutsen nan da direbobi ke kira falez, inda hanya ke nannaɗewa tana hawa tudun Adamawa. A hawa ka sa ido a kan allurar zafin injin. A saukowa ka sa ƙaramin giya injin ya riƙe motar, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya ƙi kamawa. Kada ka wuce tirela a kwana, kada kuma ka manne a bayanta a hawa.

Da ka kai sama iska za ta canja. Garin yana sama da mita 1,000 daga teku, ka tafi da rigar sanyi ko da a Garwa gumi kake. Za ka wuce jami'a a Dang kafin ka shiga gari. Da yammar Asabar a je fadar Lamiɗo, mai zauren ciyawa da zane a bango; a cire takalmi inda aka ce, a gai da dogarai, a ba mai zagayawa da ku abin da ya sauwaƙa. In da sauran rana a leƙa tashar jirgin ƙasa, wadda layin dogo ya iso a 1974, a ga hada-hadar jirgin dare mai zuwa Yawunde. Safiyar Lahadi ta tafkin Tizon ce, ƙaramin tafki a ramin tsohon dutse mai aman wuta, da magangarar ruwan Vina a hanyar Maiganga. Ta Tello ta fi kyau amma ta fi nisa, hanyar ƙasa ce, ba ta shiga lissafin mai son kwana Garwa ranar Lahadi.

Marwa, wajen kilomita 210 ta Figil, ita ma tana yiwuwa a kwana ɗaya: inuwar dalbejiya a kowane titi, kasuwar masu aikin hannu, majema da dukawa, ga dutsen Mindif a kusa. Daga nan ne maganar ke canjawa. Gandun dajin Waza da duwatsun Rumsiki su ne wuraren da aka fi sanin arewacin Kamaru da su a duniya, amma tun Fabrairun 2013 da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza, yankin bai koma yadda yake ba. Mora, Kolofata, Fotokol da duk bakin iyakar Borno ba wurin yawon shan iska ba ne. Ta kudu maso gabas ma, wajen Tuboro da cikin yankin Mayo Rai, ana fama da masu tare hanya da satar mutane don kuɗin fansa. Labarin hanya kuma na ranar ake nema, ba na bara ba. Wanda ya fi kowa saninsa direban ajans ne da ya iso jiya. Je tasha ranar Juma'a, sayi shayi, ka tambaya. In mutum biyu suka ce maka a'a, canja wuri.

Masauki, ci da sha, da sallah

Kama ɗaki tun kafin ka taso, ta waya, ka kuma tambayi abu uku: akwai ruwa, akwai janareta, akwai wurin ajiye mota a cikin gida? Za a ba ka fom ka cike da lambar fasfo, haka doka take. Tafi da gidan sauro ko maganin shafawa, da maganin zazzaɓi, da gishirin gudawa na yara. In kana da mutanen arziki a garin, ka kai gaisuwa ko da ba a wurinsu za ka kwana ba. Kusan kowane babban gari a nan yana da unguwar Hausawa da sarkinsu a fadar Lamiɗo, kuma in mota ta ba ka matsala, su ne za su nuna maka makanikin da ba zai yanke ka ba.

Abinci ba abin damuwa ba ne ga Bahaushe a wannan ƙasa. Ga tsire, ga kilishi, ga tuwo da miyar yakuwa, ga kindirmo, ga dogon burodin Faransawa da shayi da safe. Ci abin da aka sauke a gabanka da zafinsa. Ruwa kuwa na roba mai hatimi, ko wanda ka ɗebo daga gida.

Ga mai tambayar ƙasaru: a Malikiyya tafiyar mil 48 ce, wajen kilomita 80. Pitowa da Lagdo ba su kai ba, Gidar, Marwa da Ngaundere sun kai. Masallatai na bakin hanya a kusan kowane gari, amma buta da darduma su zauna a mota.

Dawowa

A nan mutane suka fi yin sakaci, don daɗin wuri yakan sa a ce bari a ƙara awa ɗaya. Yi lissafi daga baya: kana son ka shigo Garwa ƙarfe biyar na yamma, ka bar awa ɗaya ta ko-ta-kwana saboda faci ko dogon shinge. Ke nan daga Ngaundere ƙarfe goma na safe ka kama hanya, daga Marwa ƙarfe ɗaya, daga Lagdo biyu da rabi. In wani abu ya riƙe ka har lokacin ya wuce, kwana inda kake, ka kira wurin aiki ka ce sai Litinin da hantsi.

Tsarabar ma a saye ta tun da safe, ba a bakin tafiya ba: zuma da fiya daga Ngaundere, doya a Mbe, kifi daga Lagdo, takalmin fata daga Marwa. A ware na mai gida, na maƙwabta da na maigadi, su ne suka duba maka ƙofa. Zumar a ɗaure bakinta da leda a tsayar da ita a ƙasan kujera, kifin kuma a ƙara masa ƙanƙara a Ngong in an samu. Da ka shiga gida ka kira waɗanda ka sanar da tafiyarka, sannan kafin ka mayar da takardu cikin jaka ka rubuta ranar ƙarewar kowacce a jikin kalanda.